Naman Alade da Amanar Maƙwabci

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a ikilisiyoyin arewacin Kamaru. Takan taso a ajin masu shirin baftisma, takan taso a taron matasa, har a zumuntar mata in ana shawarar girkin Kirsimati. Tambayar ita ce, ya halatta Kirista ya ci naman alade? Amsarta ba ta da tsawo, Littafi Mai Tsarki kuwa bai bar masu bi cikin duhu a kanta ba. Amma a bayanta akwai wata tambaya wadda ta fi ta nauyi, ba kasafai kuma ake yinta ba. In ya halatta, wane hakki ne ya rataya a wuyan mai kiwon alade da mai dafa shi game da maƙwabcin da danga ɗaya ce ta raba su, wanda a wurinsa naman nan haram ne? Tambaya ta biyun nan ita za a bi, gama a kanta ne shaidar ikilisiya take tsayawa ko ta faɗi a idon unguwa.

Yadda zama yake a Garwa

Garwa tana bakin kogin Binuwai. Garin Fulani ne, da Lamiɗo da fadarsa, da masallatai, da mahauta Hausawa waɗanda suka daɗe suna riƙe da fawa da tsire da kilishi. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, wanda ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Har zuwa 1983 Garwa ce babban birnin dukan arewa, kafin a raba lardin kashi uku.

Bishara ta iso ƙasar nan a makare. A shekarun 1920 ne masu mishan na Lutheran daga Amurka suka fara aiki wajen Lere da Yagwa, mutanen Norwe kuma suka sauka a Ngaundare a 1925. Limaman Katolika sun iso a 1946 tare da Fada Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa a 1955. Ikilisiya ta yi ta girma, har Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci garin a watan Agusta na 1985.

Yawancin waɗanda suka karɓi bishara Tupuri ne, da Masa, da Mundang, da Giziga, da Gidar, da Mafa, da kuma baƙi daga kudancin Cadi. Daga shekarun 1970 iyalai masu yawa suka gangaro daga arewa mai nisa zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noma. An kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, aiki ya samu, jama'a ta ƙaru. Da yawa cikin waɗannan baƙi masu kiwon alade ne. Ga talaka, alade asusu ne mai ƙafa huɗu. Cikin tamatar wata uku ne da mako uku da kwana uku, takan kuwa haifi 'ya'ya takwas ko goma a lokaci guda. Tana cin dusa da tsakin burkutu da ragowar abinci. Gwauruwa da yawa da kuɗin alade suka biya makarantar 'ya'yansu, 'yan kasuwa kuma sukan kwashi aladun Yagwa da Kaele har zuwa Yawunde.

Ta haka aka wayi gari a unguwa ɗaya akwai gidan da alade dukiya ce, kusa da shi kuma akwai gidan da ko sunansa ba a so a ambata a kan tabarmar cin abinci. 'Ya'yansu makaranta ɗaya suke zuwa, matansu famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. Wani lokaci ma uwa ɗaya ce ta haifi masu gidajen biyu.

Naman da ba shi da fuska

A dā gasa naman alade ake yi. A yanka gunduwa-gunduwa, a barbaɗa yaji, a sayar a gefen gidajen burkutu, wadda mutanen ƙasar suke kira bilbil. Duk wanda ya bi ta wurin ya san abin da yake kan wuta, domin fata da kitse da ƙamshi suna shela da kansu. Wanda ba ya ci sai ya kau da kai ya wuce.

Yanzu wani girki ya shigo gidajen ma'aikata da 'yan makaranta. Turawa suna kiransa hambaga, sunan da ya fito daga birnin Hambug na Jamus, girkin kuwa daga Amurka ya bazu a duniya. Yinsa a gida ba wuya. Akan zaɓi naman kafaɗa domin yana da ɗan kitse, gama nama marar kitse yakan bushe a wuta ya zama kamar ƙirgi. A niƙa shi a inji, ko a daddatsa da wuƙa a kirɓa a turmi. A zuba yankakkiyar albasa da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, a fasa ƙwai ɗaya, a ƙara ɗan garin busasshen burodi domin ya kama jikinsa. Sai a cura, a fyaɗa shi kamar faɗin tafin hannu, kaurinsa kamar na yatsa, a soya a man gyaɗa ko a gasa a kan garwashi. Miyarsa kuwa attarugu ne da tumatir da albasa, a markaɗa, a soya da ɗan daddawa har ruwan ya tsotse mai ya taso. A tsaga dogon burodin nan irin na Faransa da ake sayarwa kowace safiya, a sa naman, a kwarara miyar.

Abinci ne mai daɗi, mai auki kuma, domin rabin kilo yakan ba da curi huɗu ko biyar. Amma yana da wani hali da gasasshen nama ba shi da shi. Niƙaƙƙen nama ba shi da fuska. Ba ƙashi, ba fata, ba jijiyar da mahauci zai duba ya ce wannan sa ne, wancan akuya. Abin da niƙa ta rage, tafarnuwa da attarugu sun rufe shi. Mai ci ba shi da wata hanya ta sanin abin da ya sa a bakinsa, sai maganar mai girki. Watau kowace loma amana ce.

Wannan ba damuwar ƙauye kaɗai ba ce. A farkon 2013 masu binciken abinci a ƙasar Ailan suka gano naman doki da ɓurɓushin alade a cikin niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa sunan naman sa. A shekarar nan kuma aka sami alamar alade a cikin abincin da aka ce halal ne, wanda ake kai wa gidajen yari a Ingila. Turai ta ɗauki zafi ƙwarai, ko da yake yawancin Turawa ba su ƙyamar alade. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an ci amanarsu.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A Tsohon Alkawari an hana Isra'ilawa alade. Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14 sun lasafta shi cikin dabbobi marasa tsarki, domin kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa. Dokokin abinci suna cikin abubuwan da suka keɓe jama'ar Isra'ila daga sauran al'ummai.

A Sabon Alkawari Ubangiji Yesu ya mai da maganar tsarki daga ciki zuwa zuciya. A Markus sura 7 ya koya wa almajiransa cewa abinci wucewa yake yi ta cikin mutum, mugunta kuwa daga zuciya take ɓullowa, ita ce take ƙazantar da shi. A Ayyukan Manzanni sura 10 Bitrus ya ga wahayin dabbobi iri-iri a Yafa, daga nan ya shiga gidan Karniliyas, jarumin Roma, a Kaisariya. A sura 15 manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, ba su kuwa ɗora wa al'ummai masu bi kayan Shari'ar Musa duka ba. Alade ba ya cikin 'yan abubuwan da suka ce a guje musu. Saboda haka amsar tambaya ta fari a fili take. Kirista da ya ci naman alade da godiya bai yi zunubi ba.

Amma Manzo Bulus, wanda ya fi kowa kare wannan 'yanci, shi ne kuma ya fi kowa ja masa linzami. A Romawa sura 14 ya hana mai ci ya raina marar ci, ya kuma hana marar ci ya hukunta mai ci. A 1 Korantiyawa sura 8 ya nuna cewa ci ba ya ƙara wa mutum daraja a gaban Allah, rashin ci kuma ba ya rage masa. Har ya ce shi kansa a shirye yake ya rabu da nama muddin ransa, in naman zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. A sura 10 ya bambanta abin da ya halatta da abin da yake da amfani, ya kuma gargaɗi masu bi kada su zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawa, ko al'ummai, ko ikilisiya. A lura, bai tsaya ga 'yan ikilisiya kaɗai ba. Ya sa waɗanda suke waje cikin lissafi.

Ashe Littafi ya buɗe tukunya, sa'an nan ya sa ƙauna ta yi tsaronta.

Amana a bakin tukunya

An hana Musulmi naman alade a wuri huɗu cikin Alƙur'ani, a surorin Baƙara, Ma'ida, An'am da Nahli. Ba su kaɗai ba ne. 'Yan ikilisiyar Asabar, waɗanda suka kafa mishan a Dogba kusa da Marwa a farkon shekarun 1930, ba su ci. Kiristocin Otodoks na Habasha, waɗanda ikilisiyarsu ta fi shekara 1,600, su ma ba su ci. Ga waɗannan duka, maganar ta wuce daɗin baki, ta shafi tsayawarsu a gaban Allah.

Tarihi ya nuna zurfin abin. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Antiyokas na Huɗu ya tilasta wa Yahudawa cin alade domin ya raba su da addininsu. Littafin Makabiyawa na biyu, wanda yake cikin Littafin 'yan Katolika, waɗansu ikilisiyoyi kuwa suna karanta shi kamar tarihi, ya ba da labarin wani tsohon malami mai suna Ele'azara, ɗan shekara 90. Abokansa suka ba shi shawara ya kawo nasa naman na halal a ɓoye, ya ci a gaban jama'a kamar alade yake ci, ya tsira. Ya ƙi, domin kada samari su ga kamar ya sayar da bangaskiyarsa, aka kuwa kashe shi. Wanda ya san wannan labari ba zai ɗauki ƙyamar maƙwabcinsa abin dariya ba.

Wani zai ce, abin da mutum bai sani ba ai ba zai cuce shi ba. Ya ci, ya ji daɗi, ya yi godiya, ya tafi, ina laifi? Malaman Musulunci ma sun ce wanda ya ci bisa rashin sani ba shi da zunubi. Gaskiya ne, shi ba shi da zunubi. Zunubin yana kan wanda ya sani ya yi shiru. Baƙon ya miƙa hannu cikin kwanon ne domin ya amince da mai gida. Mai gida ya ɗauki wannan amincewa ya yi da ita abin da ya tabbata baƙon ba zai yarda ba in an tambaye shi. Wannan ƙarya ce, ko da baki bai furta kome ba. Wanda ya sace kuɗin makaho ɓarawo ne, ko makahon bai taɓa ƙidaya kuɗinsa ba. Balle ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro zai faɗa wa yaro a makaranta, kafin magariba labari ya gama unguwa. Ranar nan ba sunan mai girkin kaɗai za a kira ba, za a ce, "Haka Kirista suke."

A ɗauki misalin mace mai bi da take sayar da burodi da niƙaƙƙen nama a bakin tasha. Direba ya tsaya, da hularsa da carbinsa, ya ce, "Baiwar Allah, a ba ni na sefa ɗari biyar." Bai tambayi irin naman ba. Ita kuwa ta ce, "Malam, yi haƙuri, wannan na alade ne. Ga mai tsire can gaba." Ta yi hasarar ɗari biyar. Amma direban nan zai aiko ɗansa gobe ya sayi gyaɗa ko ƙosai a wurinta da zuciya ɗaya, gama ya gane bakinta da tukunyarta abu ɗaya suke faɗa. Wa'azin da ta yi da 'yan kalmomin nan, wani mai bishara sai ya shekara bai yi kamarsa ba.

Amana ba ta ƙare a kan naman ba, ta kai ga kayan aiki. Injin niƙa na unguwa da kowa yake kai naman sa da kayan miya, bai kamata a kai masa alade a ɓoye ba. Man da aka soya alade a ciki ba a soya wa baƙo kifi da shi. Wuƙa da katako da kasko da turmi, in da hali, a ware na alade daban. Gidan da kaka Musulma ce, in ta zo ganin jikokinta, ya kamata ɗanta ya iya ce mata, "Inna, ci da kwanciyar rai, tukunyar nan ba ta taɓa ganin wancan nama ba," maganar kuwa ta zama gaskiya. Girmama uwa da uba doka ce da ba a soke ba, ba a kuwa ce sai iyayen da suka yi baftisma ba.

Masu bi da yawa sun riga sun gane wannan hikima. In Kirsimati ta zo sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya ko kaji, domin a iya aika wa kowane gida kwano, kamar yadda naman layya yake shigowa gidajensu da Babbar Salla. Ba wanda ya tilasta musu. Sun dai san zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Alade ba baftisma ba ne

Akwai kuskure na biyu, wannan kuwa a cikin ikilisiya yake. A zamanin Ahijo, sarakuna da ma'aikata da yawa daga ƙananan kabilun arewa sun musulunta, waɗansu da zuciya ɗaya, waɗansu domin muƙami ko ciniki. Waɗanda suka tsaya a kan addinin kakanni ko bangaskiyar Kirista sun sha raini, ana kiransu Kirdi ko arna. A irin wannan hali alade ya zama kamar tuta, watau alamar cewa mai gidan nan bai bi ba. Ana iya gane dalilin haka. Amma abinci da ya zama tuta, ba da jimawa ba yakan zama sanda.

Sandan yakan sauka a kan wanda ya fito daga Musulunci ya bi Almasihu. Sau da yawa irin wannan ɗan'uwa ya rasa gida da gādo, wani har mata da 'ya'ya. Ya zo cikin masu bi, sai wani saurayi ya miƙa masa burodi da nama ya ce, "In da gaske ka tuba, ci mu gani." Wani ma ba ya faɗa, sai bayan an cinye ya fashe da dariya ya ce, "Ka san abin da ka ci?" Wannan mugunta ce da aka yi wa rigar wasa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ƙyamar abu, cikinsa ba ya juyawa ranar baftisma, ba kuwa dole ne ya juya ba. Ikilisiya ta taɓa bin hanyar nan a ƙasar Sifen bayan 1492, inda kotun ikilisiya take sa ido a kan Yahudawa da Musulmi da aka yi wa baftisma, a ga ko suna cin alade. Abin kunya ne a tarihinta har yau.

Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta nuna, domin ya janye daga cin abinci da al'ummai. Laifin Bitrus shi ne ya bar dokar abinci ta raba teburin masu bi. Wanda ya ce sai an ci alade kafin a zama cikakken Kirista, laifin nan ya maimaita, ya dai juya shi ne kawai. Saboda haka a bikin ikilisiya, inda kowa da kowa yake zuwa, hikima ita ce a dafa abin da dukan jama'a za su ci, ko kuwa a faɗa a fili abin da yake cikin kowace tukunya.

Amana a bakin garke

Hakkin maƙwabci yana farawa tun alade yana da rai. A ƙauyuka da yawa akan saki aladu da rani su yi kiwon kansu. Sukan tone rogon mutane da dankalinsu, su yi birgima a bakin rijiya, su shiga har harabar masallaci. Rigingimu da yawa da ake kira na addini, in an bi sawunsu, a bakin garken da ba a gyara ba suka faro.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Alade da yake yawo yakan ci bayan gidan mutane. In mai bayan gidan yana da tsila a hanjinsa, ƙwayayenta sukan shiga jikin aladen su zama ƙananan ƙulli farare cikin nama, kamar ƙwayar shinkafa. Shi ya sa masu saye suke buɗe bakin alade su duba ƙarƙashin harshe. Wanda ya ci irin naman nan bai dahu ba, tsila takan girma a cikinsa, ya riƙa zubar da ƙwayaye. In ƙwayayen suka shiga bakin wani mutum ta hannu marar wanki, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, sukan iya kaiwa ƙwaƙwalwa su kawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da cutar ta yi yawa, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi. Likitocin dabbobi sun sha samun ƙullin nan a aladun Mayo Danay da Mayo Kani.

Abin lura shi ne, ba sai mutum ya ci alade wannan farfaɗiya take kama shi ba. A farkon shekarun 1990 an sami cutar a birnin Niyok na Amurka cikin iyalan Yahudawa masu tsananin kiyaye Shari'a, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana alade ba. Bincike ya nuna ta hannun masu aikin gida ta shigo. Haka nan ɗan maƙwabci, wanda ubansa bai taɓa barin alade ya ƙetare zaurensa ba, yana iya faɗuwa a ƙasa yana kumfa saboda sakacin gidan da ba a haƙa masai ba.

A nan ma niƙaƙƙen nama ya fi hatsari. A gunduwa ana ganin ƙullin, a niƙe ba a gani. Barkono ba ya kashe shi, ɗan gishirin girki da tafarnuwa ba su kashe shi, amma wuta tana kashe shi. Masana sun ce tsakiyar curin ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ba shi da ma'auni sai ya tsaga ɗaya ya duba, kada ya ga ja ko jini. Garwashi mai ƙarfi yakan ƙone baya ya bar ciki ɗanye, saboda haka a rage wuta, a yi haƙuri. A sayi naman da likitan dabbobi ya duba, ko da na bayan gari ya fi araha.

Masu kiwo kuma suna da amana a tsakaninsu. Zazzaɓin aladu, wanda ba ya kama mutum amma yakan share garke ƙaf, ya shiga kudancin Kamaru a 1982, ya iso arewa a 2010, iyalai da yawa suka tsiyace. In mutum ya ga aladunsa sun fara mutuwa, jarabar ita ce ya sayar da sauran da dare kafin labari ya fita. Wanda ya yi haka ya ɗauki masifarsa ya kai ta garken gwauruwar da take zaune kusa da shi a majami'a ranar Lahadi.

Har yaushe za a yi ta ja da baya?

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi. Wani mai bi zai ce, "Kullum Kirista ne ake ce wa ya yi haƙuri. Yau a ware tukunya, gobe a ce a kau da garke daga gari, jibi a ce kada a kaɗa ƙararrawa. Ashe wannan ba tsoro ba ne aka sa wa suna ƙauna?"

Amsa ita ce, tsoro da ƙauna suna iya yin aiki iri ɗaya, amma ana gane su ta wurin gaskiya. Mai tsoro yakan ɓoye, in an tambaye shi ya ce shi ma ba ya ci. Mai ƙauna yakan ce, "I, a gidan nan ana ci, addinina bai hana ni ba, amma ba zan sa maka a kwano ba." Bai musunci 'yancinsa ba, bai kuwa taka na wani ba. Ba a ce gwauruwa ta bar sana'ar da take ciyar da marayu ba, ba a kuma ce mai bi ya yarda a kashe masa dabbobi bisa zalunci ba. Yana da iko ya kai ƙara gaban hukuma, kamar yadda Bulus ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma. Amma mai kiwo da ya gina garke mai ƙarfi, ya haƙa masai, ya nisantar da mayanka daga rijiya da masallaci, shi ne yake da bakin magana ranar da rigima ta taso. Wanda aladunsa suka kwana a gonar wani, ko lauya ya ɗauka, unguwa ta riga ta yanke masa hukunci.

Abin da Ubangiji ya koya, cewa mutum ya yi wa waɗansu abin da yake so a yi masa, bai rataya a kan sai su sun fara ba. Kirista da ba ya so a ba shi naman da aka yanka wa dodo ko gunki a ɓoye, ya riga ya san abin da maƙwabcinsa yake ji.

Saboda haka mai bi da yake so ya dafa wa iyalinsa naman alade da miyar attarugu, ya dafa, ya yi addu'ar godiya, su ci da farin ciki. Sai dai kafin ya hura wuta ya tabbata naman lafiyayye ne, ya tabbata zai dahu har ciki, ya kuma tabbata duk wanda zai miƙa hannu cikin kwanon ya san abin da yake ci. Ranar shari'a ba za a tambayi kowa irin naman da ya ci ba, amma za a tambaye shi yadda ya yi da maƙwabcin da ya amince da shi. Allah ya ba jama'arsa hikima da zuciya mai gaskiya, ya kuma zaunar da Garwa da dukan ƙasar lafiya. Amin.